Linzami da Asalin Gyaran Haƙoran Doki

Shaida mafi daɗewa a kan gyaran haƙoran doki daga ƙasar Mongoliya ta fito. A 2018 aka buga sakamakon binciken ƙasusuwan dawakin da mutanen dā suka binne can. An ga cewa tun wajen shekara 1150 kafin haihuwar Annabi Isa, makiyaya sukan yanke haƙorin gaba na duƙushi in ya fito a karkace, don kada ya hana shi kiwo.

Wajen shekara 750 kafin haihuwarsa sai linzamin tagulla da na ƙarfe suka bazu. Shi ƙarfe kuwa yakan bugi wani ɗan haƙori da ke tsirowa gaban turame, ya sa wa doki zafi. Sai mahaya suka koyi cire wannan haƙori.

Dalilin a fili yake. Dokin da bakinsa ke ciwo ba ya tauna sosai, sai ya rame. Ba ya kuma bin linzami, ranar yaƙi kuwa ran mahayi ke nan. Watau linzamin ƙarfe ne ya tilasta wa mahayi sanin bakin dokinsa.