MATAR DA TA SA WA TAURARUWA MAI WUTSIYA RANA

Yau tarihi na ɗauko muku, na wata matar aure a ƙasar Faransa wadda ta zauna da takarda da alƙalami ta lissafo lokacin da tauraruwa mai wutsiya za ta dawo, kuma ta dawo ɗin.

Mun taso mun ji manya suna cewa idan tauraruwa mai wutsiya ta fito, to wani babba zai faɗi, ko fari, ko yaƙi. Turawa ma haka suka ɗauka shekaru aru-aru. Alhali kuwa dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura da duwatsu, tana kewaya rana a kan doguwar hanya mai siffar ƙwai. Idan tana can nesa, duhu gare ta, ba mai ganinta. Idan ta matso kusa da rana sai zafi ya riƙa tayar da tururi da ƙura daga jikinta, hasken rana ya haske su, shi ne muke ganin kai da jela. Ita jelar kullum tana bai wa rana baya ne. Masu duban sama kuma sukan auna inda take tsakanin sauran taurari dare bayan dare, su rubuta, daga nan su gano hanyarta.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Edmond Halley ya tattara irin waɗannan rubuce-rubuce, ya ga tauraruwar da aka gani a 1531 da ta 1607 da ta 1682 hanyarsu kusan ɗaya ce. A 1705 ya fito ya ce ai guda ɗaya ce take zuwa tana komawa kamar duk shekara 76, kuma a saurare ta wajen 1758. Allah bai nufa zai gani ba, ya rasu a 1742.

To amma da sauran rina a kaba. Ki duba da kyau, daga 1531 zuwa 1607 shekara 76 ne, daga 1607 zuwa 1682 kuwa 75. Me ya kawo bambancin? Manyan duniyoyin nan biyu, Mushtari da Zuhal, su ne suke jan ta idan ta gifta, wani lokaci su gaggauta ta, wani lokaci su jinkirta ta. Duk mai son sanin watan dawowarta dole ya lissafa wannan ja, taki bayan taki, na tsawon kusan shekara 150. Babu kwamfuta, babu injin lissafi, sai hannu da ƙwaƙwalwa.

A nan ne Nicole-Reine Lepaute ta shigo. An haife ta a birnin Faris a 1723, ta auri maƙerin agogon sarki, tana taya shi lissafin aikinsa na agogo. A watan Yunin 1757 ta haɗu da masana biyu, Clairaut da Lalande. Clairaut ya tsara hanyar lissafin, ita da Lalande suka duƙufa kan aikin. Lalande ya ba da labari daga baya cewa wata shida suka yi suna lissafi daga safe har dare, wani lokaci ko a wajen cin abinci ba sa ajiyewa, har shi kansa ya kwashi ciwo. Ki tuna fa, lamba ɗaya in ta kuskure, duk abin da aka ɗora a kanta ya rushe. Ga kuma fargabar kada tauraruwar ta riga su fitowa, aikin ya tashi a banza.

Lissafi ya nuna musu Mushtari zai jinkirta ta da kwana 518, Zuhal kuma da kwana 100, jimla 618. A watan Nuwamban 1758 Clairaut ya sanar wa majalisar masana ta Faransa cewa tauraruwar za ta kai wuri mafi kusa da rana a tsakiyar Afrilun 1759, a bar musu wata guda gaba ko baya.

Hausawa na cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ran 25 ga Disamban 1758 wani manomi a ƙasar Jamus mai suna Palitzsch, wanda duban taurari sha'awarsa ce kawai, ya hango ta da madubin hangen nesa, 'yar dusu-dusu kamar hazo. Ta yi ta ƙara haske har ta kai kusa da rana ran 13 ga Maris 1759. Kuskuren wata ɗaya ke nan a tafiyar shekara 76, kuma a lokacin ba a ma gano wasu duniyoyi biyu da su ma suke jan ta ba, sai a 1781 da 1846. Tun daga nan ake kiranta da sunan Halley.

Yanzu ga inda abin yake min ciwo. A 1760 Clairaut ya buga littafi a kan wannan aiki, bai sa sunan Madam Lepaute ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Lalande ya ce an cire sunan ne don a faranta ran wata mace da take kishin baiwarta. Kin ji fa, wani sa'in mu mata mu ne muke janye wa 'yar'uwarmu tabarma. Lalande dai bai yi shiru ba, ya rubuta a littattafansa cewa ba don ita ba da bai iya ɗaukar wannan aiki ba. Ta bakinsa labarin ya iso gare mu.

Ita kuwa ba ta ajiye alƙalami don fushi ba. Ta lissafa kusufin ranar da aka yi ran 1 ga Afrilun 1764, ta fitar da taswirar yadda zai ratsa ƙasashen Turai. Ta shafe shekaru tana tsara jadawalin rana da wata da taurari wanda matuƙan jiragen ruwa suke dogara da shi a teku. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi wani yaro daga dangin mijinta ta koya masa lissafi har ya zama masanin taurari. Yawan duban lambobi ya raunana mata ido, ƙarshen rayuwarta kuma ta ƙare shi wajen jinyar mijinta, ta rasu a 1788, 'yan watanni kafin shi. Yau akwai wani kwari a jikin wata da aka raɗa wa sunanta.

Tauraruwar ta sake zuwa a 1835 da 1910 da 1986, duk a lokacin da aka lissafa. A 1910 tsoro ya sa wasu Turawa sayen ƙwayoyin kariya daga jelarta a hannun 'yan damfara, ta wuce ba ta taɓa kowa ba. A 1986 wani kumbon Turai mai suna Giotto ya je kusa da ita ya ɗauko hotonta, aka ga baƙin dunƙule ne mai tsawon kamar kilomita 15. A ƙarshen 2023 ta kai ƙarshen nisanta ta juyo, ana sa ran isowarta a tsakiyar 2061.

Ni abin da nake so ki ɗauka, 'yar'uwa, shi ne kada ki bari a ce miki lissafi na maza ne. Ke da kike raba cefanen dubu biyu ya kai kwana uku, kike riƙe adashin mutum ashirin a ka ba ki ɓatar da sisi ba, wa zai ce ba ki da kan lissafi? Idan 'yarki ta zo da aikin gida na lissafi, ki sauke mata tallan nan, ki ba ta fitila da lokaci. Idan kuma kika ga wata ta yi abin kirki, ki faɗi sunanta a gaban mutane. Yarinyar da aka haifa a 2010 shekararta 51 idan tauraruwar ta dawo. Allah Ya nuna mata, Ya sa ta fito tsakar gida ta nuna wa jikokinta, ta gaya musu sunan matar da ta fara lissafo zuwanta.