Sunan Gidanku Daga Ina Ya Fito? Yadda Ake Bin Asalin Suna a Ƙasar Katsinar Maraɗi



Akwai tambayar da ke yawan zo mana daga waɗanda suka yi nisa da gida. Yaro ya tashi a waje, ya duba takardunsa ya ga Ƙaura, ko Durbi, ko Jibiya, ya tambayi mahaifinsa inda sunan ya fito, uban ya rasa ta cewa. Wani kuma rabon gado ne ya taso, aka ce ya nuna yadda ya haɗu da mai gonar, sai ga takardarsa ba ta ɗauke da sunan kakan. Shi ya sa muka tattaro abin da aka sani game da sunayenmu. Maganar a dunƙule ita ce: suna yana nuna hanya, amma shi kaɗai ba ya zama shaida.

Me ya sa sunan ba ya tsayawa?

A al'adar Bahaushe babu suna guda da gida duka ke gado daga kaka har jika. Ranar bakwai liman ya raɗa wa yaro sunan yanka, sai a haɗa da na ubansa. A ce Isa ya haifi Garba, Garba ya haifi Musa, Musa ya haifi Sani. A takardar haihuwa ta Nijar za a rubuta Garba Issa, sannan Moussa Garba, sannan Sani Moussa. Kun ga ke nan, tun daga kan jika sunan Isa ya fita daga takarda.

Iyaka ma ta ƙara dagula lissafi. Tsakanin 1906 da 1908 Faransa da Ingila suka shata iyakar da ta bar Maraɗi a hannun Faransa, Katsina a hannun Ingila. Daga nan suna ɗaya ya samu rubutu biyu: Usman da Ousmane, Yusufu da Issoufou, Shu'aibu da Chaibou, Ƙaura da Kaoura. Sunan garinmu kansa misali ne. A Hausa Ɗan Isa ne, amma a Faransanci «s» guda tsakanin wasula biyu «z» ake karanta ta, shi ya sa aka ninka ta. Wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ya yi lakwal a Madarunfa, ɗaya ya yi firamare a Jibiya, sai ka ga takardunsu kamar ba su san juna ba.

Inda sunaye ke fitowa

Idan aka ɗebe sunan yanka, sauran sunayen da ake kiran gida da su daga wurare biyar suke fitowa.

Na farko, sunan uba ko na wanda ya yi reno, da kalmar «ɗan» a gaba. Shehu Usmanu ana ce masa ɗan Fodiyo domin laƙabin mahaifinsa ke nan, kalmar Fulatanci mai nufin malami. Jami'ar Maraɗi tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, inda «ɗan» ya fito sau biyu a jere. Alhasan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955, ya samu sunan ne daga Tata, matar da ta rene shi, ga shi yau ya zama sunan zuri'a guda. Wato ba kowane «ɗan wane» ne ke nufin haihuwa ba.

Na biyu, sunan gari ko unguwa. A Najeriya makarantun boko na zamanin Turawa sun saba haɗa sunan yaro da na garinsu: Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Isa Kaita. Ƴar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina. Musa Ƴar'aduwa, Matawallen Katsina, ya ɗauki sunan, ƴaƴansa Shehu da Umaru suka gada. Irin wanga suna yana faɗa maka inda mutum ya taso, ba ya faɗa maka wa ya haife shi. Mutum dubu na iya amsa Jibiya ba tare da sun haɗa kaka ba.

Na uku, sana'a da muƙamin addini: Maƙeri, Wanzami, Majemi, Madugu, Sarkin Fawa, Maigoro, Liman, Ladan, Alƙali. Da yake ƙira da wanzanci da fawa galibi gadonsu ake yi, waɗannan sunaye sukan kai mai bincike nesa.

Na huɗu, laƙabin haihuwa: Ɗanladi, Ɗantala, Balarabe, Ɗanjuma da Ɗan'asabe na ranaku ne, Tanko namiji ne da ya biyo mata, Nomau an haife shi lokacin noma. Waɗannan labarin mutum ɗaya suke bayarwa, ba su nuna zuri'a.

Na biyar shi ne sarauta, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Sarauta ɗaya, gida biyu

Bisa tarihin baka, Durɓawa ne suka fara mulkin Katsina, kuma kushewunsu na nan a Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani. Korau ya kayar da Sanau, na ƙarshensu, ya kafa sabon gida. Har yau fadar Katsina Gidan Korau ake ce mata. Zuri'arsa ta yi mulki ɗaruruwan shekaru, sai jihadin da aka fara a 1804 ya iso. Wajajen 1807 birnin ya faɗi, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarki Magajin Haladu ya fice zuwa Ɗankama, can ya rasu. Ɗan Kasawa ya ja ragowar jama'ar zuwa Damagaram, daga baya, wajajen 1819, mutanen kwarin Gulbi suka yi wa wakilin Fulani tawaye, shi kuma ya zo ya zauna Maraɗi.

Bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da fada sukutum, da tambura da sarautu. Shi ya sa har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake kiransa, kuma manyan ƴan majalisa huɗu na tsohuwar Katsina, Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durbi, suka ci gaba a nan. A can birnin Katsina ma ba a soke sarautun ba, sababbin masu mulki suka naɗa nasu. Yau Ƙauran Katsina shi ne hakimin Rimi, Galadima yana Malumfashi, Ƴandaka yana Dutsin-Ma. Ita kanta kalmar Maraɗi sarauta ce: Maraɗin Katsina shi ne hakimin Kurfi. Muhammadu Dikko, wanda Ingilishi suka naɗa Sarkin Katsina a 1906, Durbi ne kafin nan, alhali shi Basulluɓe ne, ba Badurɓe ba.

Bayan haka ma jama'a ba su zauna wuri ɗaya ba. A yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobir da Maraɗi, Sarki Rauda ya faɗi a fagen fama, Gobirawa kuma suka zo suka kafa Tsibiri. Zamanin Ɗan Baskore, wajajen 1854 zuwa 1875, hare-hare tsakanin Maraɗi da Katsina sun tada garuruwa da yawa na wannan tsakani da muke zaune. A ƙarshen ƙarni na 19 rikicin sarauta ya mai da wani reshen gidan Tasawa.

To, wanda ya ga Ƙaura a sunan kakansa sai ya yi wa kansa tambaya uku. Wane Ƙaura, na Maraɗi, na Katsina, ko kuwa garin Ƙaura Namoda na Zamfara ake nufi? A zamanin wane sarki? Sannan kakan shi ne ya riƙe sarautar, ko a gidan mai sarautar ya tashi? Domin barori da yaran gida da sunan ubangidansu ake kiransu, na Ƙaura, na Durbi, da tafiya ta yi nisa sai «na» ɗin ya faɗi. Wasu sarautun kuma ba gadonsu ake yi ba, sarki ke ba wanda ya yarda da shi. A kula kuma: Ɗan Galadima sarauta ce ta ƴaƴan sarki, ba ɗan da Galadima ya haifa ba.

Su Turawan Ingila fa?

Ƴan uwanmu na Turai sukan ce Bature yana bin sunan gidansu shekara ɗari tara, mu ko kakan kaka ba mu sani ba. Akwai gaskiya a ciki, amma labarin nasu ya yi kama da namu fiye da yadda ake zato. A 1066 Wiliyam na Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila a yaƙin Hastings, ya raba wa mayaƙansa ƙasa. Su ma da sunayen garuruwansu suka zo: Percy, Montgomery, Mortimer, duk wurare ne a Normandi, kamar dai a ce Kaita ko Shagari. «Fitz» da ke cikin Fitzgerald «ɗan» yake nufi. Marshall asalinsa mai kula da dawaki ne, kamar Shamaki a fadarmu. Spencer kuwa mai kula da kayan abincin gidan ubangida.

Abin da suka fi mu shi ne rubutu. A 1086 Wiliyam ya sa aka rubuta masu riƙe da filaye a littafin da ake kira Domesday, kuma sunan Wiliyam de Percy na ciki da filayensa a Yorkshire. Wajajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun riƙe suna guda ana gadonsa. Daga 1538 aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza.

Duk da haka, ko gidan Percy ba ta wajen maza zalla sunan ya sauko ba. A ƙarni na 12 ƴaƴa mata ne suka gaji gidan, ɗan ɗayarsu ya ɗauki sunan uwarsa. A 1750 kuma wani Hugh Smithson, da ya auri magajiyar gidan, ya bar sunansa ya koma Percy. Saboda haka masu bin salsala a can suna da doka guda: daga kanka za ka fara, ka hau mataki-mataki da shaida, kada ka faro daga wani babban mutum na da ka nemi hanyar saukowa. Wannan doka ta yi mana daidai.

Yadda za ku bi naku

1. Ku fara da jerin suna: ni, ubana, ubansa, ubansa, har inda aka tsaya. Haka ma ta wajen uwa. Kowane mutum a sa masa sunan yanka, laƙabi, sana'a, garin da aka haife shi da inda aka rufe shi.

2. Ku nemi tsofaffin mata. Gwaggo da kaka sun fi kowa sanin wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wa aka ba riƙo. Amma ku tuna da alkunya: mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari. In ta ce Malam ko Maigida, sai ku nemi sunan yankan wajen wani.

3. Tsofaffinmu ba su ƙirga da shekarar Turawa. Ku tambaya da abin da ya faru: zamanin wane sarki, kafin zuwan Nasara ko bayansa, kafin ambaliyar 1945 da ta tada tsohon garin Maraɗi daga kwari ko bayanta, kafin samun ƴancin kai na 1960, ko lokacin yunwar 1973 da ta 1984.

4. Ku tambayi kufai. Daga wane gari aka taso, me ya tada mutane, ina gonar gado, ina rijiyar da kaka ya gina? Tsagar fuska ta tsofaffi da waɗanda gidanku ke wasan taubasai da su duk alamu ne.

5. Ku duba rubutu. Malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen littattafansu. Akwai takardun haihuwa a ofishin magajin gari, da tsofaffin takardun haraji wajen mai gari. Mai hali yana iya zuwa gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a Yamai, ko na Kaduna don abin da ya shafi ɓangaren Katsina.

6. Maroƙa da makaɗan fada suna riƙe da kirari da jerin sarakuna, ku saurare su da kyau. Sai dai aikinsu yabo ne. Abin da suka faɗa ku gwada shi da bakin mutum biyu da ba su zauna tare ba.

7. Ku rubuta kowane suna sau biyu, da rubutun Hausa da yadda yake a takardar hukuma. Ku ɗauki muryar tsohon a waya, da izininsa, ku tura wa ƴan uwa na kowane ɓangaren iyaka, kada ta zauna a waya ɗaya.

Wanda ya bi wannan hanya yana iya tarar da Ƙaura na gaske, yana iya tarar da maƙerin da ya ƙera wa Ƙauran takobi, ko manomin da ya sare dajin da ya zama gonar gidan. Kowanne aka samu a rubuta shi yadda yake, domin jerin gaskiya ne ke amfani ranar rabon gado da ranar neman aure. Masu shirin zuwa gida da Salla ko bayan an cire amfanin gona, ku zo da littafi da biro, ku ware yammaci guda ku zauna gaban tsohon da ya rage a gidanku. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara mana zumunci.