"Ya Zama Wuya": Yadda Kalmar Fagen Yaƙi Ta Shiga Ofis a Japan

Yau Japan za mu leƙa, kuma kalma ɗaya ce tak ta kai mu: kubi. Ma'anarta wuya, wani lokaci har da kan da ke bisansa. Idan ɗan Japan ya ce "kubi ni natta", a zahiri cewa ya yi "na zama wuya", amma abin da yake nufi shi ne an kore shi daga aiki. Wanda ya tsallake rijiya da baya kuwa sai a ce "kubi ga tsunagatta", wato wuyansa bai rabu da gangar jiki ba.

To, me ya haɗa kora da wuya? A zamanin mayaƙan samurai, kan abokin gaba shi ne shaidar aikinka. Bayan yaƙi sai a wanke kawunan da aka sare, a taje musu gashi, a jera su gaban shugaba ya duba, sannan ya raba lada. Sunan wannan al'ada kubi jikken. Haka Tokugawa Ieyasu ya yi bayan yaƙin Sekigahara a 1600, kuma har gobe akwai wuraren da aka binne kawunan a garin. Fille kai ya ci gaba a matsayin hukuncin kisa har zuwa 1882, lokacin da sabuwar doka ta maye gurbinsa da rataya.

An mayar da takobi kube, amma kalmar ta zauna a bakin mutane. Ni dai ba na ganin wannan zuzutawa ce. Ranar da aka sallame ni daga aikina na farko, ta saƙon waya ma aka yi, wallahi sai da na ji ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

A Japan an ga abin ƙuru-ƙuru a ƙarshen 2008. Tun 2004 doka ta bai wa masana'antu damar ɗaukar ma'aikatan haya ta hannun kamfanonin dillancin aiki. Da tattalin arzikin duniya ya karye, su aka fara zubarwa, aka kira abin haken-giri, wato "sare ma'aikatan haya". Kun ji dai, sara ce har yanzu. Da yawansu a ɗakunan kamfani suke kwana, don haka aiki da makwanci suka tafi tare, ga tsananin sanyi.

Ranar 31 ga Disamba, 2008, ƙungiyoyin ƙwadago da masu fafutuka, ƙarƙashin jagorancin Makoto Yuasa, suka kafa tantuna a dandalin Hibiya da ke Tokyo, daf da ginin ma'aikatar ƙwadago. Ba a ɓoye ba, a ƙofar masu mulki. Kimanin mutum 500 suka zo neman abinci da wurin kwana. Tantuna suka cika, sai ma'aikatar ta buɗe zauren taronta ranar 2 ga Janairu, mutanen suka shimfiɗa barguna a ciki.