Tulun Tunawa da Jeren Iyayenmu

A jihohin kudancin ƙasar Amurka, tun ƙarshen ƙarni na 19, baƙar fata suna da wata al'ada: a samu tulu a shafe shi da yumɓu ko siminti, a lilliƙa masa maɓalli, makulli, tsabar kuɗi, wuri da fasasshen tangaran na wani mamaci. Masana da dama suna danganta abin da al'adar Bakongo ta ajiye kayan mamaci a kan kabarinsa.

Mu dai ba ma yi wa kabari ado, addini bai bar mu ba. Namu tulun a ɗakin mai rai yake, sunansa jere.

Duk wanda ya tashi a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san shi. Da farko ƙore ne, manya da ƙanana, da faifai da akushi. Sai tasoshi suka shigo, daga baya kwanonin sha da na ci masu fenti, da langa da fanteka, waɗanda aka riƙa kawowa daga Turai da Hong Kong kafin masana'antun Kano su fara buga su. 'Yan jere, wato gwaggwanni da innonin amarya, su ne magina: a shafe bango da farar ƙasa (wadda Allah Ya hore wa Ƙanƙara, har yau ana haƙo ta), a yaɓa danƙo ko laka, a manna farantai tun daga ƙasa har rufi. Ba a cin abinci a cikinsu. Uwa tana tara su ne tun 'yarta na goye, da kuɗin ƙuli-ƙuli da kaɗi da adashi, shi ya sa tsohuwa za ta nuna maka kwano ɗaya ta ce na shekarar fari ne, wancan kuma gudummawar ƙawarta da ta rasu. In yunwa ta matsa, a cire ɗaya a kai kasuwa. Tabon da ya bari a bango shi ma labari ne.

Samira da kabad ne suka fara ture wannan jere, mu kuma a littattafanmu muka ƙarasa shi. Ɗakin kowace amarya da muke rubutawa sai ka ce shagon kayan Dubai, babu abu ɗaya da ke da tarihi.

Yanzu abin ya wuce canjin yayi. Tun kafin sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, 'yan bindiga suna tashin ƙauyukan da ke bakin daji a yankin nan. Mai gudu da goyo ba ta ɓamɓare faranti. Matan da suka san sunan kowane kwano da wadda ta ba da shi suna nan raɓe a gidajen 'yan uwa a Funtuwa da Ƙanƙara, yawancinsu sun manyanta, ɗakunan kuwa damina na ci musu bango.