Baka da Kibiya a Ƙasar Gusau: Tarihin Gyaransu da Kiyaye Su

Duk wanda ya karanta tarihin jihadi ya san labarin Tabkin Kwatto. A watan Yuni 1804 Sarkin Gobir Yunfa ya fito da mayaƙansa, da 'yan lifidi, da Abzinawa masu taimakonsa, ya gamu da jama'ar Shehu Usmanu, waɗanda dawakinsu ba su wuce kamar 20 ba, aka kuwa kore shi. Masu tarihi sun daidaita a kan cewa 'yan baka ne suka ci wannan yaƙi. Abin da ba su cika tsayawa a kai ba shi ne, baka makami ne mai rai, yana canjawa da sanyi da zafi, in an bar shi mako biyu ba kulawa sai ya ƙi mai shi. Watan Yuni kuwa farkon damina ne, lokacin da tsarkiyar fata take fara saki. Mutanen da suka tsaya gaban doki a ran nan sun daɗe da sanin yadda ake rainon makaminsu, a dawa suka koya, wajen farauta. Wannan sani na gyara da kiyayewa shi ne rabin tarihin baka a ƙasar Hausa, shi ne kuma rabin da ba a rubuta ba.

Ƙasar da ke tsakanin Tsafe da Gusau da Bungudu wuri ne mai kyau na duba wannan al'amari. Tsafe tana kudu maso gabas da Gusau a kan hanyar Funtuwa, Bungudu tana arewa maso yamma a kan hanyar Sakkwato, Gulbin Sakkwato kuwa ya bi ta Gusau ya wuce Bungudu. A da wannan yanki gefen ƙasar Katsina ne, shi ya sa ake kiran sarkin Gusau Sarkin Katsina. Sarkin Tsafe kuwa 'Yandoto ake ce masa, sunan tsohon garin malaman nan da Muhammadu Bello ya yaƙa a farkon shekarun jihadi, sarkin Bungudu kuma Sarkin Fulani. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu, shi ya kafa Gusau, garin kuwa ya yi yawancin ƙarni na 19 yana fama da harin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri. A irin wannan zama manomi ba ya nisa da kwarinsa. Ga kuma duwatsu kamar na Kwatarkwashi, da dawa mai faɗi ta kudu wajen Kuyambana, inda nama yake. Mutum guda ne yake noma da damina, ya yi farauta da rani, in an buga tambarin yaƙi ya fito ɗan baka. Sarautar Sarkin Baka, wadda har yanzu ake naɗawa a garuruwa da yawa, daga nan ta samo asali: shugaban maharba ne ran zaman lafiya, ran yaƙi kuwa shi ke gaban 'yan baka.

Kalmomin sana'ar su ma suna da abin faɗi. Baka na harbi ana fara shi da sautin ƙasa a ƙare da na sama, ya bambanta da baka na "ya sa a baka", wanda yake farawa sama ya sauko. Haka kwari na kibau da kwari na ƙasa, rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su, abin da malaman makarantun horon malamai ya kamata su riƙa nuna wa ɗalibansu. A bakin Zamfarawa, kamar sauran mutanen yamma, halbi ake cewa da mahalbi, inda Bakano zai ce harbi da maharbi. Bindiga da harsashi daga Larabci aka aro su. Baka da kibiya da tsarkiya kuwa ba su da wannan alama ta baƙunci, sun riga su zama a harshen nesa ba kusa ba.

Bakan Hausa sanda guda ne, tsawonsa kamar ƙafa 5, ba a haɗa shi da ƙaho ko jijiya kamar na Turkawa. Ana neman itace mai lanƙwasa ya koma, irin su dargaza, ko kuma gora. Ba a ɗaura wa ɗanyen itace tsarkiya, gama zai lanƙwashe ya zauna haka, ƙarfinsa ya tafi. Sai an bar shi ya bushe a inuwa, a fere shi kaɗan kaɗan, ana tanƙwara shi a gwiwa ana dubawa, har kawunan nan biyu su riƙa lanƙwasa daidai da juna. In ɗaya ya fi ɗaya taushi, kibiya ba za ta fita sosai ba, kuma nan ne bakan zai karye wata rana. Daga nan sai shafa mai, man kaɗanya ko man shanu, don kada hunturu ya tsaga shi.

Tsarkiya ita ce mai wahalar sha'ani. Da fata ake murza ta, fata kuwa tana shan raɓa ta miƙe, ta ji iskar hunturu ta ƙanƙance ta yi tauri. Saboda haka tazarar da ke tsakanin tsarkiya da cikin baka ba ta zama ɗaya daga safe zuwa azahar. In tazarar ta ragu, tsarkiya ta riƙa dukan hannu, kibiya ta fita tana rawa. In ta yi yawa, an takura itacen a banza. Maharbi yana auna ta da hannunsa, yana kuma saurarenta, ya taɓa ta da yatsa ya ji amonta kamar yadda mai molo yake yi, ba banza ba ne kuwa aka kira igiyar molo da ta baka da suna guda. Gyaran shi ne a ƙara murɗa ta ko a sassauta ɗaurin kan baka. In an dawo gida a sassauta ta, a rataye bakan inda ba rana, ba gara, ba ɓera. Yaro a gidan maharba da wannan yake farawa tun bai isa jan bakan ubansa ba. Ana ba shi ƙaramin baka ya yi ta fama da ƙadangaru da kurciya, amma aikinsa na gaske shi ne shafa mai da ɗaukar kwari, da kallon hannun manya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kibiya ta fi baka cin lokaci. Abin da ya fi ba baƙi mamaki game da ita shi ne ba ta da gashin tsuntsu a gindi, alhali kibau na Turai da na Asiya duk da shi ake yin su don ya daidaita tafiyarsu. Kibiyar Hausa kyauro ne marar nauyi, tsawonsa kamar ƙafa 2, da ƙarfe a kai wanda maƙeri ya ƙera, mai kunne ɗaya ko biyu ko fi, don in ya shiga ya ƙi fita. Abin da ke tsai da ita a iska nauyin ƙarfen nan ne. Tun da gaba ya fi baya nauyi ƙwarai, kan ne yake jan gindin, gindin ba ya samun damar juyowa. To, wannan dabara tana da sharaɗi. Dole kyauron ya miƙe sarai, dole ƙarfen ya zauna a tsakiyarsa ba karkata, dole kuma nauyin kai ya dace da taurin kyauro. In kai ya yi wa kyauro nauyi, sa'ad da tsarkiya ta tunkuɗo shi sai ya lanƙwashe fiye da kima ya kauce. In kai ya yi sauƙi, kibiya ta yi ta lilo. Don haka ake gasa kyauro a kan garwashi a miƙe shi, a ɗora a ido a duba, a juya shi a tafin hannu a ga ko zai yi rawa. Ana naɗe bakin kyauro da jijiya inda ƙarfe ya shiga, da gindinsa inda tsarkiya take zama, don kada ya tsage. Maharbin kirki ya san halin kowace kibiya a kwarinsa, ya san wadda zai fara zarowa.

Duk da haka irin wannan kibiya ba ta nisa da daidai. Maharba ba su nemi su ƙara mata nisa ba, sai suka rage tazarar da ke tsakaninsu da nama. Amfanin burtu ke nan: maharbi ya ɗaura kan tsuntsun nan da aka sassaƙa a goshinsa, ya durƙusa, ya riƙa tafiya yana kaɗa kai kamar burtu mai kiwo, har ya shiga kusa da barewa ko gada ba ta farga ba.

Saura ƙarfin kisa, shi kuwa dafi aka bar wa. Tushen dafin kibiya a ƙasar Hausa 'ya'yan kwankwani ne, kamar yadda Dalziel ya nuna a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, ana haɗa shi da wasu abubuwa, kowane gida da nasa asiri. Aikinsa a zuciya yake. Wani ɗan'uwan kwankwani da aka samo daga wajen kogin Zambezi shi ne Thomas Fraser na jami'ar Edinbara ya bincika, ya bayyana amfaninsa ga masu ciwon zuciya a 1885, watau abin da yake tsai da zuciya in ya yi yawa shi ne yake ƙarfafa ta in an auna shi. Da dafi, kibiya ba ta bukatar ta huda dabba har ciki, ta dai fasa fata ta taɓa jini. Wannan ne ya sa baka marar ƙarfi sosai ya ishe su, shi ne kuma ya sa ɗan lifidi yake tsoron ɗan baka, gama lifidi ba ya rufe doki duka. Amma dafi ya kawo wa maharbi Musulmi wata matsala. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, in an harbi dabba da abu mai dafi, aka iske ta ta mutu, ba a tabbata ko rauni ne ya kashe ta ko dafin ba, ba a cin ta. Sai maharbi ya bi sawu da gaggawa ya riske ta da sauran rai ya yanka, sa'an nan ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar. Bin sawu da iya gudu sun zama cikin ilmin baka ta wannan hanya.

Ƙarshen baka a fagen yaƙi a wannan ƙasa aka ga alamarsa. A ƙarshen Fabrairu 1903 rundunar Kano, tana komowa daga Sakkwato a ƙarƙashin Waziri Ahmadu, ta gamu da Laftanar Wright da sojansa 44 kusa da Kwatarkwashi. Suka yi ta kai hari, bindiga tana zubar da su tun ba su iso ba, Waziri kansa a nan ya faɗi. A Burmi, cikin Yuli na shekarar, kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh, amma ba ta hana a ci garin ba. Bayan haka baka ya koma dawa kaɗai. Jirgin ƙasa ya biyo ta Tsafe da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka ci daji, nama ya ja baya, maƙera kuma suka ƙware da ƙera bindigar toka. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta ƙara taƙaita farauta. Daga wajen 2011 zuwa yau kuwa 'yan bindiga sun mai da dazuzzukan Zamfara wurin da maharbi ba ya shiga da kwanciyar rai, yaran gidan maharba da yawa sun tashi ba su taɓa murza tsarkiya ba. Kalmomin dai sun bi bindiga: ana ɗana ta kamar yadda ake ɗana kibiya, ana harba ta, ɗan ƙarfen da ake ja kuwa kunama ne, tun da kunama ma harbi take yi.

A daidai lokacin da baka yake fita hannun maharban Hausa, a Amurka sabon irinsa ne ya fito. Wani mutumin jihar Misuri, Holless Wilbur Allen, ya nemi a yi masa rajistar ƙirƙirarsa a 1966, aka ba shi a 1969. Bakansa yana da kura a kowane kai, irin wadda ake jan guga da ita, sai dai ƙusarta ba a tsakiya take ba. In mutum ya fara ja sai ya ji nauyi, in ya kai ƙarshe kurar ta juya ta ɗauke masa yawancinsa, har bakan da ƙarfinsa ya kai laba 70 a iya riƙe shi a jaye da laba 14 ko kusa da haka. Maharbi ya sami sukunin yin saiti a natse, kibiya kuwa ta fita da gudun da ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa. Wannan baka ba ya bukatar dafi, dokokin farauta na yawancin jihohin can ma sun hana shi.

Mai tsammanin injin ya raba maharbi da wahalar gyara ya yi kuskure. Dole kurayen nan biyu su juya tare, in ɗaya ta riga ɗaya kibiya ta fita da karkata, daidai da cutar bakan dargaza mai kai ɗaya taushi. Tsarkiyarsa ta zaren roba ce, ba ruwanta da raɓa, amma tana miƙewa da yawan harbi, ana murɗa ta a mai da ita, ana shafa mata kakin zuma ko makamancinsa. Ana zaɓen taurin kibiya gwargwadon ƙarfin baka da nauyin kai. Gwajin da suka fi yi shi ne a kafa takarda a tsaya kamar yadi 2 a harba ta cikinta: in ramin ya fito kewayayye da 'yan tsagun gashi daidai, kibiya ta fita sosai, in ya yage sama ko gefe, a matsa mazaunin kibiya ko wurin ɗana ta a tsarkiya da ɗan abin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba, a sake harbawa. Bambancin da ke akwai shi ne, Ba'amurke yana bukatar matsi na ƙarfe kafin ya iya cire tsarkiyarsa, sau da yawa ma sai ya kai kanti an yi masa, alhali maharbin Tsafe gwiwarsa ce matsinsa, kayan gyaransa duka wuƙa ce da ɗan kaskon garwashi da man kaɗanya.