Kututturen da Kainji ya bari a ƙarƙashin ruwa

Kafin a datse Neja a Kainji, haɗarin wannan yanki na kogin a fili yake, ido na ganinsa. Duwatsun Bussa ne, inda Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce Yauri. Gungawa da Sarkawa sun san kowane dutse da kowane lungu da ruwa ke juyawa, kuma yaro kan koyi wannan ne a gindin mahaifinsa tun bai iya riƙe filafili da kyau ba. Makarantar tuƙi ke nan ta wancan zamani, ba takardar shaida, amma ba a miƙa wa kowa jirgi sai an ga ya ƙware.

Aikin madatsar ya fara a 1964, ruwa ya taru a 1968. Tsohuwar Bussa ta nutse, tsibirai da yawa suka bi ta, aka tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Kogin da ake hango gaɓarsa ya zama tafki mai tsawon kilomita sama da 130. Ilimin da aka gada na kogi ne. Tafki kuwa wata halitta ce daban, mai igiya idan hadarin farkon damina ya taso. Abin da ya fi muni shi ne ba a sare dukkan itatuwan da ruwan ya rufe ba. Duk shekara ruwan tafkin kan ja baya daga ƙarshen rani, kututture su matso kusa da sama, inda ba a ganinsu sai katako ya dake su.

Sai injin ya shigo. Mai filafili idan ya ci karo da kututture yakan girgiza ne ya wuce. Jirgin katako mai injin baya, ɗauke da buhuna da babura da mata masu goyo, yana iya tsagewa. Injin ya ƙara gudu da yawan lodi, bai zo da wani horo ba. Wanda ya iya jan igiya ya tayar da shi ya zama matuƙi.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ya rabe gida biyu kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, da mutane fiye da 150 a ciki. Waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da ’yan kai ba. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 don kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ta ɗora laifin kan lodin da ya wuce kima. Gaskiya ne, sai dai hukumar ce doka ta ɗora wa hana irin wannan lodin.

Bayan haka an yi rabon rigunan kariya, an sake jaddada hana tafiyar dare. Riga tana da amfani, domin ko gwanin iyo ba zai kai gaɓa daga tsakiyar tafkin ba. Amma riga aikinta na farawa ne bayan jirgi ya riga ya kife. A ganina, aikin da aka yi shekaru ana jinkirtawa shi ne cire kututturen, sanya alamu a hanyoyin da jirage ke bi daga Shanga da Yauri zuwa Warrah, da ba sarakunan ruwa iko a tashoshi su tantance wanda zai riƙe injin. Yanzu da bikin Rigata ke jawo baƙi zuwa Yauri, masu shiga jirgi don nishaɗi kawai sun ƙaru, kuma akasarinsu ba su taɓa jin labarin dajin da ke ƙarƙashinsu ba.