LaWS

LaWS makamin leza ne da Rundunar Sojin Ruwan Amurka ta ɗora a kan jirgin ruwa USS Ponce a 2014, domin kakkaɓo jirage marasa matuƙa da daƙile ƙananan kwale-kwalen hari. Ƙarfinsa kilowat 30 ne. Ba ya harba harsashi. Yana tattara haske ne a wuri ɗaya har ya ƙone inji ko fiffiken abin da aka auna. An gwada shi a Tekun Fasha, kuma a Disamba 2014 rundunar ta sanar cewa kwamandan jirgin na da izinin amfani da shi don kare kai. A lokacin, kuɗin harbi ɗaya bai kai dala ɗaya ba. Ƙura, hazo da danshin iska suna rage ƙarfin hasken.